Leshin anko ya haɗa ni faɗa da facalata, ni na ce ruwan toka ita ta ce ruwan madara

Saƙon da ya shigo:

Assalamu alaikum Anti. Dan Allah a ɓoye sunana. Bikin ƙanwar mijina ne ya taso aka ce ni zan fitar da anko, na shiga kasuwa na samo leshi ruwan toka mai ɗan duwatsu, na ɗauki hotonsa a cikin shagon na tura guruf ɗinmu na WhatsApp, mata 23 suka turo kuɗi. Da kaya suka iso sai facalata, matar yayan mijina, ta ce wai ba shi ba ne, ita ruwan madara mai gwal ta gani a hoto har ta sayi takalmi da jaka da ɗankwali a kan haka, wai na canza na sayo mai arha na ci rarar kuɗin. Mutum shida suka goyi bayanta. Ni na rantse ita ma ta rantse a gaban Hajiya surukarmu, yau kwana tara ba ma magana kuma biki saura sati uku. Anti wallahi har yanzu in na buɗe hoton ruwan toka nake gani. Sharri take min ko idona ne ya samu matsala, ko dai wani abu aka min?

Amsa:

Wa alaikumus salam ƙanwata. Ki fara kwantar da hankalinki, ba abin da aka miki, kuma da wuya a ce idonki ne. Abin da zan faɗa miki kuma na san ba shi kike son ji ba: akwai yiwuwar facalarki gaskiya ta faɗa ɗari bisa ɗari a kan abin da ta gani, ke ma gaskiya kika faɗa, rantsuwa biyu kuma ba wacce ta yi kaffara a kan kalar. Inda ta kuskure shi ne tsallakawa da ta yi daga "ba haka na gani ba" ta dira kan "kin ci kuɗi", wannan kuma magana ce daban, za mu zo kanta.

Kafin ki ci gaba da karatu ki yi min abu ɗaya. Ki samu farar takarda ki huda ta, ƙofar kamar girman ƙwayar gyaɗa, ki buɗe hoton nan ki ɗora takardar a kan wayar ta yadda ba ki ganin kantar shagon ba ki ganin hannun mai shago ba ki ganin komai sai ɗan gurbin leshin kawai ta cikin hujin. Ki kalla. Ina kyautata zaton ke za ki sha mamaki ba ita ba, domin abin da zai leƙo ta hujin nan zai fi kusa da ruwan madara. Dalili, kin ce a cikin shago kika ɗauka, yawancin shagunan yadi kuwa ciki-ciki suke, ƙwan lantarki ne ke haska su ko da rana tsaka, in ƙwan irin mai ɗan rawaya-rawayan nan ne to duk abin da yake ruwan toka zai shiga kyamara da rawaya a jikinsa. Ruwan toka mai haske in ka zuba masa rawaya me ya zama? Ruwan madara. Duwatsun da suke farare masu ƙyalli kuma su koma gwal.

Za ki ce to ni me ya sa ban ga haka ba. Saboda ke kin je shagon. Kin taɓa yadin, kin ga ƙwan da ke sama, kin ga bangon shagon da fararen ledoji duk sun yi rawaya, ƙwaƙwalwarki ta yi lissafinta ba tare da ta yi shawara da ke ba, ta ce hasken wurin nan rawaya ne bari na cire shi, ta cire, ta miƙo miki ruwan toka. Kuma duk sanda kika buɗe hoton sai ta sake yin wannan cirewar domin ta riga ta san wurin. Ita facalarki tana zaune a ɗakinta, ba ta san shagon ba, ba ta san da wani ƙwai ba, ƙwaƙwalwarta ta ɗauka a farin hasken rana aka ɗauki hoton, ba ta cire komai ba, rawayar da take ta fitila sai ta ɗora wa yadin.

Mu dai mun taso ana ce mana gani ya kori ji, shi ya sa in mutum ya ce "da idona na gani" sai a ɗauka magana ta ƙare. Amma ido ba ya auna kala yadda sikeli ke auna nama. A bayan ido akwai ƙwayoyin da ke karɓar haske, masu aikin kala iri uku ne, wasu sun fi jin ɓangaren ja, wasu kore, wasu shuɗi, kuma abin da ke isa gare su gauraye ne: kalar abin da kake kallo haɗe da kalar hasken da ya faɗa kansa, a cakuɗe kamar gari da ruwa. Ba yadda za a yi ido shi kaɗai ya raba su. Ƙwaƙwalwa ce ke yin hasashe, ta ƙiyasta irin hasken da ke wurin ta cire shi. Kuma yawanci tana dacewa, shi ya sa farar shaddar maigida take nan fara da hantsi, fara da la'asar sakaliya lokacin da rana ta yi ja, fara a gaban fitilar ƙwai, alhali hasken da ke tashi daga jikinta ya canza sau uku. Ba ma lura da aikin sai ranar da hasashen ya kuskure, hoto na waya kuwa shi ne wurin da ya fi kuskurewa, saboda an yanke duk abin da ke kewaye an bar ƙwaƙwalwa da ɗan guntu tana lalube.

Wannan ba sabon sani ba ne. Ibnul Haisam, mutumin Basra da ya yi zamansa a Alƙahira ya rasu wajen 1040, ya rubuta Kitabul Manazir juzu'i bakwai a kan gani, juzu'i na uku gaba ɗaya a kan kurakuran gani ne, kuma tun a lokacin ya ce gani ba hasken da ke shiga ido kawai ba ne, akwai hukunci da kwatance da rai ke yi cikin sauri har mutum bai san ya yi ba. Shekara ɗari takwas da wani abu bayansa wani Bajamushe, Helmholtz, ya sake kawo maganar a 1867. Kin ga tun ba a ƙirƙiri waya ba ake wannan rigimar.

Kuma abin dariya, wata babbar rigima da aka taɓa yi a duniya a kan kala ita ma a kan kayan biki aka yi ta. A watan Fabrairu na 2015 wata uwar amarya a Birtaniya ta ɗauki hoton rigar da take so ta sa a bikin 'yarta da za a yi a wani ɗan tsibiri a Sikotilan, ta tura, amarya da ango suka kasa yarda a kan kalarta, wata ƙawarsu ta ɗora hoton a shafin sada zumunta na Tumblr, kafin gari ya waye miliyoyin mutane na musu. Wasu na rantsuwa fara ce da gwal, wasu na rantsuwa shuɗiya ce da baƙi, mata da miji a kan waya ɗaya a kujera ɗaya kowa na ganin ɗaya ya zare. Rigar ta gaskiya shuɗiya ce da baƙin leshi, kamfanin Roman Originals da ya ɗinka ta ya tabbatar. Masana suka ɗauki abin da gaske, wani bincike da aka buga a mujallar Current Biology a wannan shekarar ya tambayi mutum kusan 1,400, kashi 57 cikin ɗari suka ce shuɗi da baƙi, kashi 30 suka ce fari da gwal, wajen kashi 11 suka ce shuɗi da ruwan ƙasa. Daga baya Pascal Wallisch na Jami'ar New York ya tambayi mutum wajen 13,000, ya gano waɗanda suka ɗauka rigar a inuwa take su suka fi ganin fari da gwal, domin hasken inuwa yana da ɗan shuɗi-shuɗi, ƙwaƙwalwarsu ta cire shuɗin. Waɗanda suka ɗauka a ƙarƙashin fitila take suka cire rawaya suka ga shuɗi da baƙi. Har ya samu cewa masu sammako da suka fi rayuwa a hasken rana sun ɗan fi karkata ga fari da gwal a kan masu raba dare a gaban ƙwan lantarki. Kashi 30 ɗin nan ba maƙaryata ba ne ƙanwata, ba kuma hassada suke wa uwar amarya ba. Ke a gurufinki mutum bakwai cikin 23 ne suka ga daban, ki lissafa ki ga in ba kusan nan ya faɗa ba.

Akwai kuma wani labarin da na fi so domin shi kam na masu yadi ne kai tsaye, kuma har zargin ha'inci akwai a ciki irin naki. A Faris, babban birnin Faransa, akwai tsohuwar masaƙar gwamnati ta Gobelins inda ake saƙa manyan darduman bango. Masaƙa suka yi ta ƙorafi cewa baƙin zaren da marina ke ba su ba shi da kyau, ya koɗe, ba ya yin baƙi wuluk. A 1824 aka naɗa wani masanin sinadarai, Chevreul, shugaban sashen rini. Ya gwada zaren, ya kwatanta shi da na wasu marinan, ya ga lafiyarsa ƙalau. Ashe matsalar maƙwabci ce: baƙin in ya kwanta kusa da shuɗi ko shunayya sai ido ya ga ya yi wani jaja-jaja ko rawaya-rawaya kamar tsohon yadi, in aka cire shi daga nan ya koma baƙinsa. Ya rubuta littafi guda a kan haka a 1839. Duk telan da ya daɗe a sana'a ya san wannan ko bai taɓa jin sunan Chevreul ba, shi ya sa yake ɗora zare a kan yadin ya fita bakin ƙofa ya duba kafin ya yi aiki. To ki tuna a kan me aka shimfiɗa leshinki lokacin da kika ɗauka. In a kan wani shuɗin yadi ne ko kusa da shi, wannan ma ya ƙara tura shi wajen rawaya a idon mai kallo.

In kina son ki gwada wa kanki yadda abin yake da taurin kai, ki nemi hoton allon dara na Edward Adelson, malamin jami'ar MIT a Amurka, na 1995. Gidaje biyu ne aka sa wa A da B, ɗaya a haske ɗaya a inuwar wani koren bututu, A baƙi-baƙi B fari-fari a ido, alhali ruwan toka ɗaya ne sak. Ni na sani, na rufe sauran hoton da takarda na gani da idona cewa ɗaya ne, amma ina ɗage takardar sai su koma daban. Sanin gaskiya ba ya gyara ganin. Ki riƙe wannan domin yana da amfani a maganarku: ko kin yi wa facalarki bayani daga nan har asuba, in ta buɗe hoton ruwan madara za ta gani, kada ki ɗauki wannan a matsayin taurin kai ko rashin kunya.

Sai ki ƙara da cewa ba hoto ɗaya kuka kalla ba ma in an bi ta. Kyamarar waya da kanta tana hasashen haske tana gyara kala kafin ta ajiye, wani lokacin ta dace wani lokacin ta kwafsa. WhatsApp yana matse hoto. Fuskar Tecno daban, ta Samsung daban, ta iPhone daban, wata ta rage haske dan caji, wata kuma ta kunna saitin kare ido da ke mayar da fuskar waya rawaya ta manta da shi a kunne wata da watanni. Ki duba wayar facalarki in kun shirya, kada ki yi mamaki in kika tarar da shi a kunne.

Yanzu laifinki, domin akwai shi, ba zan shafa miki mai a baki ba. Kuɗin mutum 23 kika karɓa a kan hoto guda ɗaya da aka ɗauka a cikin shago. A saƙonki ba ki ce kin rubuta sunan kalar a ƙarƙashin hoton ba, da kin rubuta "ruwan toka ne" da tun a ranar wata ta ce a'a ni fa madara nake gani, da an warware kafin kowa ya tura sisi. Cinikin biri a sama aka yi. Ba ha'inci ba ne, sakaci ne, amma ita baiwar Allah takalmi da jaka da ɗankwali ta saya da kuɗinta a wannan tsadar, dole ranta ya ɓaci, mutum kuma in ya yi asara wanda zai ɗora wa yake nema. Ita kuma nata laifin ya fi naki nauyi, kiran mutum ɓarawo a gaban surukai ba ƙaramin abu ba ne, sai dai ki lura daga ina ta taso: a wurinta hoto ya nuna abu ɗaya kaya sun zo wani, ba ta san wata hanyar da hakan zai faru ba sai canji. Da ke ce a wurinta ƙila haka za ki zata.

Abin da nake ganin ya dace shi ne ki raba maganar gida biyu, ta kuɗi da ta kala, ki fara kashe ta kuɗin domin ita ce ke taɓa mutuncinki kuma ita ce take da hujja da ba ruwanta da ido. Rasit ɗin shago, alat na kuɗin da kika tura, farashin kowane yadi biyar, kuɗin mota in kin cire, ki haɗa su. Kada ki watsa a guruf, guruf kasuwa ce, kowa zai sa baki. Ki kai wa Hajiya tukuna ke kaɗai, ki durƙusa ki ce Hajiya ga lissafin a duba, kuma ina neman a ba ni dama na nuna wa Yaya wani abu. Eh, Yaya za ki ce mata ko da sa'arki ce, matar wan mijinki ce, kuma wannan kalmar kaɗai za ta sauke rabin zafin. Ki gaya wa maigida kafin ki je, kada ya ji daga bakin wani, amma ki roƙe shi kada ya tari yayansa da maganar, in ta koma tsakanin maza 'yan'uwa ta fi ƙarfin leshi.

In kun zauna kada ki fara da labarin Faransa da Sikotilan, ba darasi ta zo ɗauka ba. Ki fara da naki: Yaya na yi kuskure da ban rubuta kalar ba, ki yi haƙuri da asarar da kika yi. Sannan ki ɗauko leshin ku yi gwajin tare da wayarta ba taki ba. Ku shiga ɗaki ku rufe labule ku kunna ƙwai mai rawaya, ko kyandir ma ya isa, ta ɗauki hotonsa da hannunta. Ku fito tsakar gida a inuwa da hantsi ta sake ɗauka. Ku jera hotunan biyu kusa da na farko da kika tura. Sai kuma ku bi zanen, fure da fure, jerin duwatsu da bakin yadi, kala tana canzawa da haske amma zane ba ya canzawa, in leshi ɗaya ne zai fito fili. In da hali ma ku tafi shagon tare ta ga bandir ɗin a ƙarƙashin wannan ƙwan, da alama ta ga madararta a can. Kuma in gaskiya ta fito kada ki ce ai na faɗa miki, kada ki nemi ta ba ki haƙuri a gaban mutane, ki bar mata ƙofar fita, ta ce wayar ce ta yaudare ta, ki ce wallahi ni ma haka. Amma abu ɗaya ki roƙi Hajiya a kansa, tunda a guruf aka ce kin ci kuɗi to a guruf za a ce an duba lissafi ya cika, ko Hajiya ta sa wata babba ta rubuta. Wannan haƙƙinki ne, kada kunya ta sa ki bar shi.

Kayan da ta saya kuma ba lallai su zama asara ba, gwal yana hawa ruwan toka sosai, ku ɗora ɗankwalin a kan leshin a hasken rana ku gani kafin ta yanke hukunci. In bai yi mata ba, kuma kina da hali, ki ce za ki raka ta a canza ko ki sa wani abu a kuɗin sabon ɗankwali, kyauta ba biyan tara ba.

Maganar idonki. Abin da kika bayyana ba alamar ciwo ba ce. Makantar kala da ake gado ta fi kama maza nesa ba kusa ba, a mata wajen ɗaya cikin 200 ne, kuma yawanci ja da kore take rikitawa ba toka da madara ba. Amma ki rufe ido ɗaya ki kalli wani jan abu, ki canza ki rufe ɗayan. In kika ga jan ya dushe a ido ɗaya, ko komai ya fara yi miki rawaya-rawaya da hazo kamar yadda yanar ido ke sa wa, ko kina da ciwon suga kin daɗe ba a duba idon ba, to ki je asibitin ido, wannan ba na jira ba ne. In ba ko ɗaya ki bar zancen an miki wani abu, kada ki kai kuɗinki inda za a ƙara hura miki wuta a kan facalarki.

Gaba in an sake ba ki anko, ki sa mai shago ya fito da yadin waje, ki tsaya a inuwa ba cikin tsakar rana ba, ki kashe fulash, ki ajiye farar takarda a gefen yadin ta shiga hoton domin duk mai kallo ya samu abin da zai auna da shi, ki haɗa da ɗan bidiyo kina juya shi, ki rubuta sunan kalar ɓaro-ɓaro. Kada ki zaɓi kala bayan magariba, in haske ya ragu ja yana yin duhu shuɗi da kore su ɗau haske. Sannan ki sa a yanko miki ƙyalle kamar tafin hannu ki ajiye a ɗakin Hajiya, duk mai so ta je ta taɓa kafin ta tura kuɗi. Ki rubuto min bayan biki in ji yadda kuka kwashe, ki haɗo da hoton da kika tura ɗin ma, ina so na ga ni wanne zan gani.